Tankin Da Ba A Buɗewa

A wani ƙauye mai nisa, an yi wani manomi da ya haƙa tankin ruwa a bayan gidansa. Da ruwan damina ya cika shi, sai ya rufe ya garƙame da kwaɗo.

Matarsa ta ce, "Maigida, a buɗe a duba cikinsa mana."

Ya ce, "Ba a buɗewa."

Maƙwabcinsa ya ce, "Malam, saiwar durumin nan tana fasa gini, ka duba tankinka."

Ya ce, "Ruwana kake so. Ba a buɗewa."

Rani ya tsananta, rijiyar gari ta ƙafe, 'ya'yansa suka fara kukan ƙishi. Sai ya buɗe, ya zura guga. Guga ya daki ƙasa, ƙwal!

Ya leƙa. Babu ko ɗigo! Saiwoyi sun tsaga bango, ruwan duk ya tsiyaye.

Ya dafe kai ya ce, "Wayyo Allah! Ina ruwana?"

Matarsa ta miƙa masa tulu, ta nuna masa gidan maƙwabcin, inda har yanzu akwai ruwa. Ya daɗe tsaye a ƙofar kafin bakinsa ya iya yin sallama.