Madara a Shayin Baba

Kofin farko bango ya sha. Na biyu ya wuce ta gefen kunnen Naoyuki ya tarwatse a jikin ƙofa, ƙanƙara ta watsu a kan tabarma.

"Wa ye babanka?" in ji Genzo, da wannan muryar ƙasa-ƙasa da Chizuru ta fi tsoro fiye da ihunsa. "Maimaita in ji. Wa ka kira Baba a cikin gidana?"

Naoyuki bai ɗago ba. Yana durƙushe cikin baƙar kwat a wannan zafin na Agusta, goshinsa a kan tabarma, yadda duk mai neman 'yar mutane yake yi.

Chizuru ta san za a yi rigima, amma ba ta zaci za ta kai haka ba. Mahaifinta Genzo mai gasa ganyen shayi ne a garin Uji, sana'ar kaka da kakanni, ita kuma ita kaɗai ce 'yarsa. Tun tana goye aka gama magana: wanda zai aure ta sai ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki na Genzo, ya gaji shagon. Sai ga zuciyarta ta je ta jajibo Naoyuki, ɗan masu shanun madara, shi ma tilo, wanda ba zai iya barin garke da tsofaffi biyu ba. In ta aure shi, ita ce za ta tafi. In ta tafi, wutar shagon ta mutu ke nan.

Dabarar shayin kuwa tata ce. Kwanakin Obon ne, lokacin da mamata ke zuwa gida ziyara, tsohon ya fita da safe share kabarin matarsa Sumie. Yana fita Chizuru ta sauko da ɗan kaskon marigayiyar daga saman kabad, wanda tun rasuwarta ba a taɓa shi ba. Ta zuba ganye tana jijjigawa a kan wuta har koren ya koma ja, ƙamshi ya game gidan. Ta dafa shi da ɗan ruwa ya yi kauri, ta narka mazarƙwaila a ciki tun da zafinsa. Ta cika kofuna da ƙanƙara, ta zuba madarar da Naoyuki ya kawo ta tatsar asuba, sannan ta tsiyaya shayin a kai.

Naoyuki na bayanta yana ta gyaran wuyan riga. Ya ce in tsoho ya kurɓi wannan bai ba shi ita ba, to harshensa ya mutu. Ta ce ya rufa wa kansa asiri, harshen nan ya fi wuƙar kicin kaifi.

"Chizu, sanyin idona... ko duka ne zan shanye. Ke dai kar ki saki hannuna."

"Ni in saki? Kai dai kar ka suma, ɗan shanu."

Kofi huɗu ta haɗa. Uku a tire, na huɗun ta ajiye a gaban hoton mahaifiyarta, kusa da turare. Da ta ji takun tsohon a ƙofa, ta sake ɗora kaskon a wuta ta kawo shi falo yana hayaƙi, don ƙamshi ya tarbe shi, yadda Sumie take yi wa baƙi.

Yanzu ga kofi biyu a fashe. Sai idon Genzo ya sauka a kan na gaban hoton.

Nan fuskarsa ta canja. Ya ce tun da yake tsayuwa gaban wuta bai taɓa yarda a sa ko ƙwayar sukari a shayinsa ba, balle nonon dabba. Yau an kawo ƙazanta har gaban matarsa, kuma a kwanakin da take gida. Ya nuna Naoyuki da ƙafa.

"Kai ka koya mata. Ka shigo min da warin turke, ka kwashe min 'ya, ka kashe min suna..."

Ya suri tiren katakon ya maka masa a ka. Ya sake makawa, tiren ya rabe biyu. Jini ya biyo bayan kunnen Naoyuki ya haɗu da madarar da ke kan tabarma. Wannan ƙaton da ke kayar da ɗan maraƙi da hannu ɗaya ko kare kansa bai yi ba.

"Ka ba ni ita," ya ce, bakinsa a ƙasa. "Zan riƙe amana."

Genzo ya haure shi a haƙarƙari. Chizuru ta ruga ta riƙe hannun mahaifinta, ya wancakalar da ita ta bugu da ƙofa, takardar da aka manne a ƙofar ta yage. Zuciya ba ta da ƙashi. Maganar da ta yi wa uwarta alkawarin binnewa ta kufce mata.

"Ba shi ya koya min ba! Mama ce!"

Ya tsaya cak.

"Shayinka ɗaci yake mata, Baba. Tana sha tana maka murmushi don kar ranka ya ɓaci. Kana tafiya shago take gasa nata a wannan kaskon, mu sha mu biyu, mu buɗe taga kafin ka dawo... Kullum safe abin da ba ta so kake ajiye mata a gaban hotonta."

Mari ta yi tsammani, har ta rufe ido. Da ta buɗe, sai ta ga ya kama kaskon ta mariƙinsa ya ɗaga sama, saitin kan Naoyuki.

Ba ta yi tunani ba. Da hannu bibbiyu ta cafke cikin kaskon. Ta ji ƙaurin fatarta kafin ta ji zafin, zafin kuma da ya zo sai da ya tsarga mata har ƙwaƙwalwa.

"Saki, Chizuru!"

"Sai ka saki."

Shi ya fara saki. Ta durƙusa a hankali ta dire kaskon uwarta a ƙasa ba tare da ya fashe ba, sannan ta ƙwalla ƙara.

Tsohon da ke ɗingishi in zai hau matakala, shi ne ya isa kicin da gudu ya dawo da kwanon ƙanƙarar da ta narke. Ya danna hannunta na dama cikin ruwan, Naoyuki ya danna na hagu, jininsa na ɗiga a kan kafaɗarta. Genzo bai kalli kowa ba ya ce, "Ba da mota ka zo ba? Me kake jira, wawa?"

Daga asibiti gidan su Naoyuki aka wuce da ita. Mahaifiyarsa ce ke ba ta abinci a baki, ba ta taɓa yi mata maganar ɗinkin da ke kan ɗanta ba, wannan shirun kuwa ya fi zagi ciwo. Genzo bai kira ba. Chizuru tana jin haushinsa kamar ta mutu, tana kuma kewarsa, ta rasa wanne ya fi.

Ranar ƙarshe ta Obon, ranar da ake sallamar mamata, ta ce a kai ta ta kwaso kayanta. Naoyuki ya tsaya a ƙofar gida, ita ta shiga da hannuwa a naɗe.

Gidan ƙaurin sukari yake. A kicin kofuna ne jibge a wurin wanke-wanke, kowanne da ragowar wani abu fari-fari. A gaban hoton Sumie kuwa ga wani kofin, ƙanƙarar ta narke, dunƙulen mazarƙwaila zaune a gindinsa. Genzo na zaune ya ba ta baya, ya rame.

Ta durƙusa za ta yi sallama, ya riga ta.

"Mazarƙwailar... kafin ƙanƙara take sawa, ko bayan?"

"Kafin. Tun da zafi."

"Shi ya sa ta ƙi narkewa."

Can ya tura mata wani ƙunshi ba tare da ya juyo ba. Kaskon ne, an wanke shi an naɗe da kyalle. Ya ce ta tafi da shi, gidan da za ta ba su san gashi ba. Kuka ya ƙwace mata, ta ce shagon fa? Ya ce shago nasa ne, shi ya san yadda zai yi da abinsa, ta ji da hannuwanta.

"Ki ce wa wancan mai taurin kan ya daina tsayuwa a ƙofar mutane. Madarar kanti ruwa ce zalla. Yau uwarki za ta koma, ba zan sallame ta da ruwa ba."

Naoyuki ya shigo da kwalbar madara daga mota, yana dafe da haƙarƙari. Aka kwance kaskon. Chizuru ba ta iya riƙe ko cokali, don haka ta tsaya tsakaninsu tana ba da umarni da baki, hawaye na zuba ba hannun sharewa. Tsohon ya gasa, ya dafa, ya narka mazarƙwailar, ya cika kofi da ƙanƙara.

Naoyuki ya buɗe kwalbar.

"Ga madarar... Baba."

Genzo ya daɗe yana kallon ɗinkin da ke bayan kunnen yaron. Sannan ya miƙa masa kofin da hannu biyu.

"Zuba a hankali," ya ce.