Giɓin da Badaru Ya Toshe

Jifan farko ya sauka ne a kan kwanon ɗakin girki, ana tsakiyar kiran sallar magariba. Badaru yana tsugune a bakin rijiya yana alwala, matarsa Sauda tana kwashe tuwo, 'yarsu Raudatu kuma tana ɗaure awaki a turke. Ba wanda ya damu. Yaran ƙauye ba sa rasa abin jifa. Na biyu ya faɗo tsakar gida, ya gangaro a hankali har ya tsaya a gaban Badaru. Da ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi kamar daga murhu aka ciro shi. Kuma ba dutse ba ne, gutsuren bulon siminti ne, sabo fil, irin wanda shi da kansa ya sayo kwanakin baya. Ya ɗaga kai ya dubi katanga ta gabas, ya dubi ta yamma. Ko'ina lafiya lau, ba inda ya ɓantare.

Badaru dillalin hatsi ne a kasuwar Dawanau, mutum ne da ko allura zai saya sai ya nemi ragi. Shekara da shekaru suna zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya, su uku, don Raudatu ita kaɗai Allah ya raya musu. Da kasuwa ta yi masa kyau sai hanya ta rabu biyu a gabansa. Tasi'u, yayan Sauda, ya samo musu fulat a saman wani bene a bakin titin Dawanau: ɗaki biyu da ɗan falo, ga famfo, ga wuta, ga asibiti da makarantar Raudatu duk tafiyar ƙafa. Sai dai babu tsakar gida, shanya ma a baranda ake yi. A ɗaya ɓangaren kuma ga wani gida can bayan Tofa, a kan hanyar Bagwai, a ƙarshen wani ƙauye inda gonaki suka fara. Ɗakuna reras, rijiya, wurin rumbu, fili har ana iya shuka gero a bayansa, kuma magada suna neman rabuwa da shi a arha mai ban mamaki.

Sauda fulat take so, ta kuma faɗa ba sau ɗaya ba. "Malam, yarinyar nan ko zazzaɓi ta yi da dare, ina za mu nufa da ita?" Shi kuwa dariya ya yi, ya ce ɗan manomi ba ya zama a akurki a sama kamar tattabara, inda ko akuya ba za ka ɗaure ba. Gaskiyar magana, arhar ce ta rufe masa ido. Duk wanda ya yi rayuwarsa a kasuwa ya san idan kaya ya yi arha fiye da kima akwai dalili, amma ranar nan Badaru bai tambaya ba, don ba ya son a ba shi amsa. Ya biya kuɗin gidan, suka tare.

Abu ɗaya ne bai yi masa ba a gidan. Katangar gabas tana da giɓi, faɗinsa daidai wucewar mutum ɗaya, ta yamma ma haka, suna kallon juna. Tsakaninsu wata siririyar turba ta ratsa tsakar gidan, wadda ciyawa ba ta fitowa a kanta ko da damina ta kai tsakiya. Ranar da ya kawo magini don ya toshe giɓin biyu, wani tsoho maƙwabcinsa, Baba Sabo, ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallo.

"Badaru, da ka bar wurin nan yadda ka same shi. Hanya ce tun kafin a yi gidan. Wanda ya gina ya haɗa ta cikin katanga, amma bai hana masu ita wucewa ba."

"Su wa ke bi, Baba? Ni ban ga kowa ba."

"Ai ba za ka gani ba."

Badaru ya gode masa, ya ba shi goro, ya ce da magini ya ci gaba. Mutum mai iyali da dabbobi ba ya barin katanga a buɗe. A nan, a jikin sabon bulon da ke gabas, Raudatu ta sami wani sanyi mai daɗi, ta mayar da wurin wajen zamanta. Kullum bayan la'asar nan take shimfiɗa tabarma tana bitar haddarta har rana ta faɗi.

Daga ranar jifan farko, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da liman ya ɗaga murya sai awaki su yi tsit, su haɗa kai wuri guda. Sai a ji takun ƙafafu a bayan katangar gabas, da yawa, ba gaggawa, kamar mutanen da suka taso daga gona. Su zo daidai inda aka toshe su tsaya. Shirun da ke biyo baya ya fi jifan nauyi. Wata rana Sauda ta ji muryar tsohuwa tana sallama a wurin, can ƙasa-ƙasa, ta kusa amsawa kafin ta tuna ba ƙofa a nan.

Sannan jifa ya tsaya, Badaru har ya fara cewa ai ga shi sun gaji. A yammacin da ya faɗi haka ne suka tarar da Raudatu a tsaye a kan tabarmarta, bayanta manne da bulo, idanunta a buɗe ba ta ƙiftawa. Jikinta yana girgiza a hankali, ya tsaya, ya sake girgiza, kamar ƙyauren da ake ta turawa ana wucewa. Sai da duhu ya rufa ta zube. Da ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba, ƙafafunta kawai ta ce suna ciwo. Haka aka yi gobe, haka jibi. Ta daina zuwa makaranta, ta rame, haddar da take rerawa har maƙwabta na saurare ta fara zubewa daga kanta. Sauda ba ta yi wa mijinta gori ba, kuma rashin gorin ya fi ci masa rai.

Baba Sabo ne ya kai shi wurin Malam Sha'aban, wani malamin Alƙur'ani a Bagwai da ya san harkar ruƙiyya. Malamin ya zo da la'asar sakaliya a bayan babur, ya zaga gidan, ya daɗe yana kallon turbar nan. Ya sa aka zaunar da Raudatu, mahaifiyarta ta riƙe ta. Kafin ya fara ya juyo ya dubi Badaru.

"Duk abin da ka ji, kada ka sa baki. Ni kaɗai zan yi magana da shi."

Ya fara karatu, muryarsa ba ƙarfi, bai kuma tsaya ba. Rana tana gangarawa bayan dawa, inuwar katanga tana tsawo. Can Raudatu ta ɗago kai, fuskarta ta yamutse, muryar da ta fito daga bakinta ta wata tsohuwa ce wadda ta gaji.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Ba zama nake yi a jikinta ba. Wucewa muke yi. Da can a Dawanau muke, a gindin itatuwan da aka sare aka yi shaguna. Siminti ya kore mu, muka yo nan inda ke da fili. Hanya ɗaya ta rage mana daga fadama zuwa makwancinmu, wannan mutumin ya toshe. Mun yi jifa, mun yi sallama, bai ji ba. Yarinyar ce muka samu a bakin wurin, muka bi ta cikinta."

Malam Sha'aban ya ce zalunci ne, yarinya ba ta ɗora bulo ko ɗaya ba. Ya ci gaba da karatu har muryar ta koma kuka, ta ce za ta fita, amma da sharaɗi: a fasa giɓin nan biyu, kuma mutanen gidan su tashi, don sun riga sun ga abin da bai kamata su gani ba. "Yau ɗin nan. Kada magaribar gobe ta same su."

Badaru yana jin haka ya hango geronsa da ke bayan gida ya fitar da kai, saura kaɗan a yanka, ya hango duk abin da ya tara a rayuwarsa kwance cikin ginin nan. Halin kasuwa ya motsa masa kafin hankali ya zo.

"A yi mini rangwame mana," ya ce. "Giɓi zan fasa yanzu. Tashi kuwa a bari sai na shigar da amfanin gona."

Malam ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, amma magana ta riga ta fita. Kan Raudatu ya juyo a hankali ya dube shi, abin da bai yi ba tun da aka fara.

"Na sallama," in ji muryar. "Ka zauna har ka shigar da amfanin gonarka. Mu ma kafin nan mu ci gaba da bi ta jikin yarinyar kamar yadda muka saba."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun uwarta. Tsohuwar ta tafi. Malam Sha'aban ya rufe karatu. Da ya miƙe sai ya ce, "Na ce maka kada ka sa baki. Ka yi ciniki da ita, ta kuma karɓa. Abin da ya rage addu'a ce."

Badaru bai jira kaka ba. A daren ya fasa bulon da hannunsa, da gari ya waye ya nemo mota suka kwashe kaya, ya bar geron ga tsuntsaye. Fulat ɗin nan na bakin titi har lokacin ba a kama shi ba, Tasi'u ya yi magana aka ba su. Gidan ƙauye kuwa ba wanda ya ko taya, labari ya riga ya zaga har Tofa. Awaki kuwa aka sayar da su, don ba inda za a ɗaure su.

Sauda ta sami famfonta da wutarta, asibiti yana nan tafiyar ƙafa. Sun je, an auna Raudatu, an ce ba a ga komai ba. Malam Sha'aban ya zo ya yi karatu har ya gaji, ba wanda ya amsa masa, ya ce babu kowa zaune a jikinta. Kaka ta zo ta wuce, motocin gero suka cika kasuwa. Badaru ya ƙwallafa rai a kan cewa yanzu wa'adi ya cika, ya fara dawowa gida da wuri don ya gani da idonsa. Ya manta cewa nasa geron bai taɓa shiga rumbu ba.

Wata yamma yana tsaye a siririn lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna, inda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. A ƙasa motoci suna ta hon, masu shayi suna kunna fitila. Aka ɗaga kiran salla. Raudatu ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta fito daga kicin, ta manna bayanta da bango. Wannan karon idonta yana ganinsa, kuma da muryarta ta yi magana, a hankali, irin ta yarinya mai ladabi.

"Baba, ɗan matsa. Za su wuce."

Ya dubi Sauda, ta kawar da kai tana share ido da bakin mayafi. Ya buɗe baki, amma duk iya cinikinsa bai sami abin da zai taya ba. Sai ya ja da baya, ya manna nasa bayan da bango kusa da 'yarsa, ya ba su hanya.