Wanda Ya Fara Fita Shi Ke Sayo Shinkafa

Ranar Lahadi da hantsi aka kawo wa Sufeto Abdulghani rahoton sata a unguwar Safa. A ofis Naƙib ake ce masa, wato kyaftin, amma Hausawan Jidda, waɗanda a cikinsu aka haife shi, Sufeto suka sani. Ya ɗauki Saje Nayef, wani Balarabe mai furfura da ba ya rabo da carbi, suka tafi.

Sarƙar zinariya ce ta ɓace. Matar gidan, Zaituna, ta ce ta kakarta ce, Hajiya Mastura, wadda ta taho da ita daga Damagaram a ɗinke a bakin zane, ta yi shekara huɗu a hanyar Makka, yunwa ba ta sa ta sayar ba. Jiya Asabar da safe tana cikin durowa. Zaituna ta tafi wunin biki da 'yarta Layan, ta dawo bayan magariba, sarƙa ta ce ɗauke ni inda kika ajiye.

Ba a ɓalle ƙofa ba, kuma makullin gidan uku ne: nata, na mijinta Turki, da na Dela mai aikinsu. Tun a jiyan Turki ya kira 'yan sintiri suka tafi da Dela. In laifin ya zauna a kanta, sai kurkuku, daga nan sai jirgin Najeriya, ga marayu uku da take riƙe da su a Gusau.

Ƙanen Zaituna, Badr, malamin lissafi a wata sakandare, yana gefenta yana ba ta baki. Shi kuwa Turki sai kai da kawo yake yi. Sufeto ya san su duka biyun, sanin da ba ya son a tona. Ya fara da Turki.

"Ina kake jiya daga azahar zuwa magariba, Abu Layan?"

"Kamun kifi, ni da Badr da abokai. Kowace Asabar."

"Me kuka kama?"

"Wallahi teku ta ƙi."

Mutumin da ya wuni a teku, amma fuskarsa fes kamar ta ango. Sufeto ya zaga gidan. A kan injin wanki ya ga wani ɗan kwano da ake tara abin da aka tsinta a aljihu: maɓalli, rasit, sai wani kwabon roba ja mai ɓantararren baki, irin wanda 'yan cacar kartar foka ke zubawa a tebur maimakon kuɗi.

Shi da kansa ya sayo akwatin kwabban nan shekara goma sha biyu da suka wuce, shi ya koya wa su Turki wasan, kafin ya tuba ya bar musu teburin. Ya faki idon Nayef ya jefa kwabon a aljihu. Bai taɓa ɓoye shaida ba sai ranar, kuma kunya ta kama shi tun kafin ya fita ƙofa.

A ofis aka fito masa da Dela, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, idonta ya kumbura. Ta ce Asabar ranar hutunta ce, ta je Aziziyya gaida 'yan garinsu.

"Su wa? Ba ni suna ɗaya, in aika a tambaya."

"Ranka ya daɗe, ka bar su."

Ya gane. Mutanen ba su da iƙama, takardar zama a ƙasar, in ta ambace su ta tura musu mota ke nan. Ya ciro kwabon ya ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta mayar da kai ƙasa, ta ce tana jin na wasan yara ne. Layan kuwa shekararta goma sha bakwai. Ƙarya Dela take yi, amma ba don kanta ba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Da la'asar ya ce wa Nayef su leƙa siton tayil ɗin Turki da ke Khumra. Suna isa ya bi ta bayan gini, ya hau matakalar ƙarfe ya tura ƙofar wani ɗaki, bai tambayi kowa hanya ba. Nayef ya bi shi da kallo, ya ci gaba da jan carbinsa.

Mai kula da siton, Rafi'u, Bazazzage ne da ya shekara uku a ƙasar. Ya rantse ɗakin na shan shayi ne. Sufeto ya buɗe kabad ya sauko da akwatin kwabbai da koren mayafin tebur, sai rantsuwa ta ƙare.

"Oga, ni rabon karta kawai nake yi. Alhaji Turki kafilina ne, shi ya kawo ni ƙasar nan, ya zan yi?"

Daga nan baki ya buɗe, Sufeto yana fassara wa Nayef. Su takwas ne, kowace Asabar bayan azahar. Kowa da kwabbai daidai da na kowa. Ana ba mutum karta biyu a rufe, a jera biyar a tsakiya, wanda haɗinsa ya fi kyau ya kwashe abin da aka zuba. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita gasar, babu dawowa. Saboda tsoron hukuma, kowa yana barin waya da makullai a kwando a bakin matakala. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada: wanda ya fara fita shi ke zuwa sayo wa sauran shinkafar mandi. Sufeto bai buƙaci bayanin wannan ba, shi ya ƙirƙiro ta don tsokana.

"Wa ya fara fita jiya?"

"Malam Badr."

"Badr? Katanga?"

Sunan ya kuɓuce masa. Rafi'u ya yi sakato, ya ce lallai haka suke kiransa, don yakan yi awa guda yana zubar da karta, ba ya shiga sai da mai kyau. Tun da Rafi'u ya zo bai taɓa ganin ya sayo shinkafa ba. Jiya kuwa ya yi awa ɗaya da rabi, alhali gidan abincin na nan kusa, ya dawo da ita ta huce, ya ce cunkoso ne.

Cunkoso ba laifi ba ne a Jidda. Sufeto ya ja kujera ya ce a faɗa masa yadda aka yi wasan, rabo bayan rabo. Rafi'u ya faɗa, domin mai rabon karta ba ya mantuwa. Da ya zo kan rabo na huɗu sai ya rage murya, ya ce akwai abin da ya gani lokacin da yake tattara karta, bai gaya wa kowa ba.

Sufeto ya kwana yana juyi. Ya san yadda zai kama ɓarawon, ya kuma san ba zai kama shi ba sai ya kwance wa kansa zane.

Ranar Litinin da azahar ya kira su ofis. Zaituna ta zauna tsakanin mijinta da ƙanenta, Nayef na gefe da biro. Sufeto ya ajiye kwabon ja a tebur, ya ce batun kifi ya ƙare, Rafi'u ya yi magana. Zaituna ta tambayi menene wannan. Babu wanda ya dube ta.

Da Hausa zai iya yin tambayoyin, Nayef ba ya ji. Ya yi su da Larabci.

"Badr, rabo na uku. Gasa ta fara ke nan, ba abin kirki a tsakiya. Ka tura kwabbanka duka da bakwai da biyu, kartar da ta fi kowace lalacewa. Don me?"

"Burga ce."

"Burga ana yi wa wanda zai ji tsoro, kuma a kan abin da ya kai a yi dominsa. Mutum bakwai ne a bayanka ba su yi magana ba. Kai malamin lissafi ne."

Badr ya ce kowa yana da ranar wautarsa. Sufeto ya yarda da haka, ya ci gaba. Turki ne ya amsa masa da shayib biyu, wato sarki biyu, karta mai ƙarfi, sai ga bakwai biyu sun faɗo a tsakiya. Badr ya ci. Ya zama mai tulin da ya fi na kowa, Turki ya rage da 'yan kwabbai biyar. Rafi'u ya ce bai taɓa ganin wanda ya ci ya ɓata fuska haka ba.

"Rabo na huɗu Turki ya tura biyar ɗinsa. Kowa ya zubar, saura kai. Me ke hannunka?"

"Na manta."

"Ikka biyu. Babu abin da ya fi su a karta. Kwabo biyar kawai za ka sa ka fitar da shi, ka zubar."

"Surukina ne, ya Abu Wejdan. Na tausaya masa."

Nan ne wurin da Sufeto yake gudu.

"A teburin nan ba ka tausayin kowa. Ni ka fitar da ikka biyun nan ranar sunan 'yata Wejdan, kana dariya, na bar baƙi a gida na je na sayo muku shinkafa. Ni na koya maka cewa ba a zubar da su."

Carbin Nayef ya tsaya. Sufeto bai iya duban inda yake ba. Ya ƙarasa maganar idonsa a kan tebur: da Turki ya fita, da shi zai sauka ya ɗauki makullansa. Dole Badr ya raya shi, sannan ya rabar da tulinsa cikin rabo huɗu kamar mai sadaka, ya sauka shi kaɗai inda kwando yake, ya ɗauki makullin Turki. Ya sha wuya kafin ya faɗi, ya fi wuyar da wasu ke sha kafin su ci.

Zaituna ta juya ta dubi ƙanenta.

"Badr?"

Ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe baki, Hausar gida ce ta fito, da sunan da yake kiran yayarsa da shi.

"Abla, tana motata, ƙarƙashin tayar safaya. Wallah ba sayarwa zan yi ba. Wancan satin Turki ya ce zai kai sarƙar Sitti Mastura wani babban tebur, ya ce ko ya rasa ta ba za ki lura ba sai bikin Layan. Na kasa barci."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"In ce a ina na ji?"

Shekara goma yana zuwa gidanta yana ba ta labarin teku. Shi take nuna wa 'ya'yan dangi ta ce su yi koyi. Turki ya fara cewa wasa yake yi ranar, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba, ya haɗiye sauran.

Sufeto ya ce duk wannan ya ji, saura tambaya ɗaya. Badr yana tsaye a falon aka fito da Dela daga kicin aka sa ta a mota. Me ya ce?

Badr bai ce komai ba, kamar yadda bai ce ba a ranar.

Aka je motar aka ɗauko sarƙar, a naɗe cikin ledar gidan abinci. Nayef ya rubuta Badr da laifin sata, ya rubuta Turki da buɗe gidan caca. Da ya zo ƙarshen takarda sai ya tambaya a hankali ko a sa yadda aka gano. Sufeto ya ce a sa duka, har da wanda ya sayo akwatin, har da kwabon da ya kwana a aljihunsa. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rubuta.

Aka fito da Dela da ƙullin kayanta daidai lokacin da za a wuce da mutanen biyu. Zaituna ta kama hannunta tana kuka tana neman gafara. Sufeto ya ce ta yi haƙuri, sannan ya tambaye ta abin da ke cinsa tun jiya: ta san kwabon, me ya sa ta ce na yara ne? Da ta faɗa tun farko, ai da ba ta kwana biyu a nan ba.

Dela ta gyara lulluɓinta.

"Shekara uku ina tsintarsu a aljihun Alhaji duk Lahadi, ranka ya daɗe. Wani lokaci ma a na Malam Badr, in ya bar rigarsa a wanke masa. Gidan da kake cin abinci ba ka tona masa asiri."

Ta dubi Badr, wanda ke tsaye tsakanin 'yan sanda biyu.

"Malam, ni na rufa muku asiri na shekara uku. A wurinku kuwa na kwana biyu kawai na nema."

Ba ta jira amsa ba, ta ɗauki ƙullinta. Zaituna ta ce ta zo su tafi gida a mota, Dela ta ce a'a, Aziziyya za ta.

Nayef ya taɓa kafaɗar Badr ya ce, "Yalla." Aka wuce da su, Badr bai ɗaga kai ba har ƙofa ta rufe.

Sufeto ya ɗauki rahoton ya sa hannu a ƙasan sunansa, wanda ya fito sau biyu a takarda ɗaya. Ya hau bene zuwa ofishin shugabansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya fi minti guda, sannan ya ƙwanƙwasa.