Rabon Zarto

Da magariba ne, shanu sun dawo daga kiwo, kowace ta tsaya a ƙofar gidansu tana jiran a buɗe mata. Minzifa ta haɗa shayi da madara, ta leƙa ta taga tana kiran mijinta Rishat, wanda tun da ya bar aikin haƙar tagulla a garin Sibay ya mai da rumfar itace ɗakin yankan dutse. Ba don sayarwa yake yi ba. Yashma ce ta shiga ransa, dutsen nan mai ja da kore da ake tsinta a tuddanmu. Ya yanka falle-falle da zarton lantarki, ya goge har ya yi sheƙi, ya raba wa dangi abin wuya, ko suna so ko ba sa so. Shekara da shekaru Minzifa tana masa faɗan ya riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in zai yi guga, shi kuwa ya mai da maganar waƙa.

Bai kai ga amsawa ba sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya, sannan wani, a hankali, ba gaggawa. Rishat ya fito yana zagin 'ya'yan maƙwabta, amma babu kowa a layin, karnuka ma sun yi tsit. Da ya duƙa ya ɗauki ɗaya, sai ya ga ɓarɓashin yankansa ne, wanda ya bari a bokiti cikin rumfa, har yanzu da danshinsa.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Sai abin ya koma kan Leysan, 'yarsu ɗaya tilo, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon jinya. Ta daina ci, ta daina magana. Rana na faɗuwa za ta zauna a bakin taga tana fuskantar Tudun Waliyyi, inda aka ce wani waliyyi yake kwance, hannunta a kan sabon abin wuyan da ubanta ya yi mata, ja wur kamar hanta. Tsoro ya cika gidan, har Minzifa ta daina rufe ƙofar ɗakin 'yar.

"Baban Leysan, daga ina ka samo dutsen nan?" in ji Minzifa.

Ya yi ta juya cokali a kofi. "A kan tudu."

"A gindi ko a kan tsibin?"

Ya kawar da kai, ita kuwa ta gane daga kan tsibin ya ɗauko. Ko yaron goye a ƙauyenmu ya san cewa mai hawa Tudun Waliyyi yakan ɗauki dutse daga ƙasa ya ƙara a kan tsibin da ke can sama, ba a taɓa saukowa da ko tsakuwa. Amma ido in ya ga abin da yake so, kunne ba ya ji.

Aka kira Hazrat Sabiryan, tsohon limaminmu. Ya zauna a gaban yarinyar ya fara karatu a hankali, hasken taga yana raguwa. Can sai Leysan ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, mai gajiya.

"Matashin kaina nake nema. Tun kafin a kafa ƙauyen nan a kansa nake ɗora kai."

"In an mayar maka, za ka rabu da ita?" in ji Hazrat.

"In ya cika."

Rishat ya bi dangi gida-gida yana karɓo kyautarsa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya cire na wuyan Leysan, ya tsince ɓarɓashin da aka jefo tsakar gida. Washegari da magariba ya jera fallayen a kan tebur, ɗaya bisa ɗaya, yadda suke kafin yanka. Dutsen ya dawo da siffarsa, sai dai ya gajarta da kamar faɗin yatsa biyu.

"Bai cika ba," in ji muryar.

"Rabon zarto ne," in ji Rishat. "Duk yanka sai ya ci kaɗan. Ba ni na ɓoye ba."

Ya ruga rumfa, ya kankaro jan taɓon da ya kwanta a ƙasan ruwan zarton, ya kawo a kwano ya ajiye. Leysan ta sa yatsa a ciki ta juya.

"Da saura. Wanda ya tashi sama lokacin guga."

Hazrat ya ce, "Kai ma ka ji tsoron Allah. Ƙurar da iska ta ɗauka wa zai tattaro maka?"

"Ba iska ce ta ɗauka ba." Yatsan ya miƙe, ya nuna ƙirjin Rishat. "Yana nan ciki. Zan zauna a jikin yarinyar har ya fito."

Minzifa ta toshe bakinta da gefen ɗankwali. Rishat ya dubi 'yarsa, wadda ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Kowa ya san ya riga ya shuka itace a maƙabarta kusa da kabarin iyayensa, ya ce nan ne wurinsa.

"Ni zan kawo maka da kaina," ya ce. "In na mutu a binne ni a kan tudun, gefen tsibin. Hazrat shaida ne. Ka sakar mini 'yata."

"Rishat ƙanena, ka san abin da kake faɗa? Can ba kowa, sai iska," in ji Hazrat.

"Na sani, Hazrat."



"Na yarda," in ji muryar. "Ba zan daɗe ina jira ba."

Leysan ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Da safe Rishat ya hau tudun da buhu a baya, ya sauko hannu wofi, yana tsayawa a hanya yana tari. Ba a sake jifa ba. Ranar da Leysan za ta koma makaranta, ta ciro abin sauraren ƙirjinta, ta ce cikin wasa, "Baba, ɗaga riga in gwada karatuna a kanka." Ta ɗora a bayansa, ta saurara, ta matsar, ta sake saurarawa. Wasan ya bar fuskarta. Ta naɗe abin ta mayar jaka, ta ce ta fasa tafiya yau.

Minzifa ba ta yi maganar ƙyalle ba. Ta jawo kofinsa, ta ƙara masa zuma.