Ƙofa Goma Sha Biyu Babu Suna

Ranar da ya fara ganinta, zuwa ya yi a yaba masa.

Wata huɗu ya kwashe yana gina wa babban ɗakin karatu shafin intanet, inda mutum zai nemi littafi ya karanta daga wayarsa. Manajan kamfaninsu ya ce saura abu ɗaya kafin a miƙa aiki: akwai ma'aikaciya a sashen masu larurar gani da za ta gwada shafin.

Ya same ta a ɗakin ƙarshe na hawa na biyu, kusa da taga, farar sandarta a naɗe kan tebur, yatsunta na gudu a kan madannai. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya manta abin da ya kawo shi.

"Kai ne Injiniyan?" ta ce da murmushi. "Shigo mana. Turarenka ya riga ka sallama."

Ta buɗe shafin, ta ƙara sautin manhajar da ke karanta mata rubutu. Muryar ta fara: "Maballi. Maballi. Hoto. Maballi."

"Wannan na farkon, na mene ne?"

"Na neman littafi ne, Malama. Ga alamarsa nan ai, kina..." Sai ya haɗiye sauran.

"Ni dai abin da aka gaya min shi ne maballi. Ka gina gida mai ƙofa goma sha biyu, ba ka sa wa ko ɗaya suna ba. Kashe allon kwamfutarka, ka ajiye linzamin, ka nemo min littafi ɗaya da kunnenka."

Minti ashirin yana lalube a gidan da ya gina da hannunsa. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, littafi bai samu ba.

"Zan gyara," ya ce.

"Duk haka suke cewa."

Washegari ƙarfe takwas ya dawo da littafin rubutu. Washegarin ranar ma ya dawo. Ita ke tsarawa, shi yana ginawa. Kowane maballi ya sami suna. Aka jera kanun shafi yadda mai sauraro zai tsallaka inda yake so ba sai ya ji komai daga farko ba. Aka sa hanyar ƙara girman rubutu don masu raunin gani, da ta buɗa tsakanin layuka don waɗanda haruffa ke cakuɗe musu. Wurin bayanin hotuna suka fi yin faɗa. Ya rubuta "hoto mai kyau", ta goge.

"Kyau ba bayani ba ne, Injiniya. Gaya min abin da ke ciki, ni zan yanke hukunci."

Wata na uku, da yamma bayan an tashi aiki, wayarta ta karanta mata saƙonsa:

"Hoto: kofin shayi biyu a kan teburinki. Ɗaya ya huce, saboda mai shi ya shagala da kallon mai ɗayan."

Sau uku ta sa aka maimaita mata. Sannan ta rubuta:

"Bayani ya yi, an amince. Amma gobe ka sha shayinka da zafinsa, Maballina."

"To, Fitilata. Ina so in zo in gaishe da Baba."

Babanta tsohon tela ne. Tun da ciwo ya ɗauke mata gani tana shekara tara, shi ya tsaya mata har ta gama karatu, kuma Uwata yake kiranta. Ya karɓi gaisuwar saurayin a tsaitsaye. Bayan ya tafi ya ce:

"Uwata, tausayi yana da wa'adi. Ranar da ya ƙare, me zai rage? Ga mai kantin maganin layinmu, mun san shi, ya san mu. Ya ce in kin yarda, kin huta da wannan hawa bene da neman mota."

"Baba, ni ba hutu nake nema ba."

"Ba zan tilasta miki ba. Amma wannan yaron ban yarda da shi ba."

Mako biyu kafin bikin buɗe shafin, kamfanin ya fitar da sanarwa. Tana falo tare da Baba ta buɗe ta da murna, ta ƙara sauti don ya ji. Muryar ta karanta: matashin injiniyansu ya haskaka wa makafi duniya, bayan tausayin wata baiwar Allah makauniya ya kama shi. Babu sunanta, babu aikinta.

Baba ya tashi ya shige ɗaki.

Ta rubuta masa: "Na ji labarin baiwar Allah. Ka gaishe ta. Kada ka zo gobe."

Shi ko ganin sanarwar bai yi ba sai da saƙonta ya shigo. Da safe ya shiga ofishin Manaja da littafin rubutunsa, ya ajiye a tebur.

"Ranka ya daɗe, gyara ɗari da talatin ne a nan. Duk ita ta gano su, ita ta tsara yadda za a yi. Ni gini kawai na yi."

"Talla ce, Injiniya. Mutane labarin tausayi suke so."

"To a cire sunana. Ko dai a sa nata a gaba a matsayin wadda ta tsara, ko ranar buki a nemi wani ya tsaya."

"Ka san abin da kake wasa da shi?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Kwana uku Manaja bai amsa masa gaisuwa ba. A na huɗu aka sauya sanarwar, don shugabar ɗakin karatun ma ta buga waya tana tambayar inda sunan ma'aikaciyarta ya shiga.

Ran nan Injiniya ya nufi gidansu. Ya durƙusa gaban Baba, bai kai ga buɗe baki ba ta fito daga ciki, hannunta na bin bango.

"Na ji an gyara. Tambaya ɗaya gare ni. Kalmar tausayin nan, a ina Manajanku ya samo ta?"

Da a ce ya ce bai sani ba, da maganar ta wuce a nan. Ya sunkuyar da kai.

"A bakina. Ranar farko da na koma ofis, kunya ta hana ni cewa kin kayar da ni. Sai na ce kin ba ni tausayi, shi ya sa zan sake aikin. Ƙarya na yi don in rufa wa kaina asiri. Ki yafe min."

"Yanzu fa?"

"Yanzu in akwai abin tausayi a cikinmu, ni ne. Kwana huɗu ban ji faɗanki ba."

Ta danne dariyar da ta taso mata. "Tashi ka tafi. Zan yi tunani."

Da ya fita, Baba ya daɗe yana juya hularsa a hannu. "Yaron nan yana da hanyar tsira, bai bi ba," ya ce, kamar mai magana da kansa.

Mako guda ta bar shi yana jira. Daga nan saƙo ya zo: "Shafi na biyar yana tsallake layi. Ka zo da wuri. Na yafe."

Ranar buki ita ta tsaya gaban jama'a. Ta nemo littafi cikin daƙiƙa goma, zauren ya ɗauki tafi. Baba yana layin gaba. Shekara biyu ke nan idonsa ya yi rauni har ya daina karatu, bai taɓa gaya wa kowa yadda abin ke damunsa ba. Injiniya ya matso ya miƙa masa waya, ya nuna masa inda zai taɓa. Haruffa suka girma, baƙi a kan fari tas. Baba ya karanta layi ɗaya a hankali, ya ƙara wani.

"Wa ya kawo wannan dabarar?"

"Ita ce, Baba. Ta ce ta san wani dattijo da ke riƙe jarida yana yi kamar yana karantawa."

Baba ya kalli 'yarsa can a kan dandamali, ya girgiza kai.

"Ka turo manyanka," ya ce.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mai kantin magani ma ya zo, ya yi musu fatan alheri. Ma'aikatan ɗakin karatu suka cika gidan, tare da masu karatun da yanzu suke aron littafi daga ɗakunansu ba tare da sun roƙi kowa ya karanta musu ba.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun, ya kama hannun angon.

"Ba ajiya na ba ka ba, ɗana. Abokiyar tafiya ce, kuma ta fi ka sauri. Ka daure ka bi."

"Insha Allahu, Baba."

Ta karkata kai wajen muryar mahaifinta. "Baba, kuka kake yi?"

"Mura ce, Uwata."

"Tun yaushe?"

"Tun yanzu." Ya share fuska da hannun riga, ya ɗora tafinsa a kanta. "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa aikin hannunku ya amfani waɗanda ba ku taɓa haɗuwa da su ba."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.