Rabin Dama

"Ki riƙe wannan, Lati. Ba ni da abin yi da shi kuma."

Muhaimin ya ajiye rabin kibod ɗinsa a teburina, tsakanin wayoyin da na buɗe cikinsu da ƙarfen narka dalma. Rabin dama ne. Maɓallai biyu kacal suka rage a jikinsa.

"To, sai in mayar da su hagu," na ce ina laluben sukudireba. "Minti ashirin, masoyina. Zauna."

"Ba gyara na kawo ba."

Na ɗago kai.

"Na fasa maganar aurenmu, Latifatu."

Motocin haya na trotro na ta ihu a titin Adum, mai ruwan leda na kiran ciniki, ni kuwa kunnuwana sun toshe.

Shekara biyu kafin ranar ya fara shigowa shagona. Mai rubuta manhaja ne, a ɗakinsa na Asokore Mampong yake yi wa wani kamfani na waje aiki, kuma wuyan hannunsa na dama na damunsa. Ya nuna mini hoton kibod mai rabi biyu, kowane hannu da nasa, ya ce zan iya haɗa masa?

"Chale, aboki, ni mai gyaran waya ce," na ce. "Wannan kuma wa ya karya shi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wannan dariyar ce ta jawo mini duk abin da ya biyo baya.

Da fensir ya zana tafukansa a takarda, don in auna nisan yatsunsa ba tare da na taɓa shi ba. Sati uku na yi ina liƙa maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya koya mini fayil ɗin saiti, wanda ke gaya wa kowane maɓalli harafin da zai rubuta. Muka ajiye shi a ma'ajiyar intanet da mu biyu kaɗai ke shiga, duk wanda ya canza wani abu sai ya bar ɗan bayani. Wasu 'yan mata ana aika musu da baitoci. Ni abin da nake samu shi ne, "Na matsar da waƙafi kusa da babban yatsa. Kin ci waakye kuwa?" Shinkafa da wake yake tambaya fa. Kuma wallahi nakan karanta sau goma!

Sai ƙaramin yatsansa na dama ya daina jin magana. Na kwashe aikin yatsan na mayar hagu. Bayan wata uku na kusa da shi ma ya bi. Duk yatsan da ya kwanta, sai in cire maɓallansa in ba hannun hagu, har rabin dama ya zama kamar bakin tsohuwa.

"Me likitan asibitin Bantama ya ce?" na tambaye shi.

"Jijiya ce kawai, abar ƙaunata. Dama ce kaɗai."

Na yarda, don ina son in yarda.

Abass, mai shagon wayoyi da ke kallon nawa, ya daɗe yana sona, na daɗe ina ƙin sa. Ran nan ya leƙo wai aron caja, ya ɗauki hoton kibod ɗin, ya kai wa Baaba har gida. Mahaifina dillalin shanu ne, daga tafiya yake gane saniya mai ciwo. Bai yi faɗa ba. Ya kira Muhaimin gaban abokansa, ya miƙa masa kofin shayi. Ina bayan labule na ga Muhaimin ya ɗaga dama, ta yi rawa, ya sauke ta. Ya karɓa da hagu.

"A yi haƙuri da hagu, Baaba," ya ce a hankali.

Bayan ya tafi Baaba ya ce, "Latifatu, mijin aure zan ba ki, ba majinyaci ba."

Na yi kuka, na daina cin abinci, na sa Mma ta roƙe shi har ta gaji. Ina wannan yaƙin ne Muhaimin ya zo ya ajiye mini rabin dama.

"Saboda kofin shayi?" na ce. "Ei, Muhaimin! Ni ina faɗa da gidanmu duka, kai kofi ɗaya ya kore ka?"

"Baaba ya yi gaskiya."

"Hannunka na hagu ya fi hannun Abass biyu! Aikinka na tafiya, ni ma ina da hannu..."

"Na gaji, Lati. Gida zan koma, Bawku."

"Kai matsoraci ne paa, na gaske! Tafi! Kada in ƙara jin sunanka koraa, ko sau ɗaya!"

Sai ya zura hannun hagu a aljihu, ya fita.

Ni idan na yi fushi ba na yin rabi. Na toshe lambarsa, na kashe sanarwar ma'ajiyar, na jefa rabin dama a ƙasan durowa. Abass ya aiko manya, na ce ko shi kaɗai ya rage a unguwarmu ta Zongo ba na yi. Shekara ɗaya da rabi ina gyaran wayoyin mutane, ina gaya wa kaina na warke.

Wata Talata da hantsi wata mata ta tsaya a ƙofar shago, idanunta irin nasa sak.

"Ke ce Latifatu? Ni Safura, yayar Muhaimin."

Ban ba ta wurin zama ba ma.

"Allah ya yi masa rasuwa ran Juma'a. Ciwon ya cinye jiki duka, har numfashi." Ta share ido da bakin mayafi. "Ya ce in gaya miki ki duba fayil. Ni ban san wane fayil ba ne."

Innalillahi... Ban san lokacin da na buɗe kwamfuta ba.

Canji goma sha huɗu ke jirana. Na farko kwana biyu kafin ya zo shagona ya fasa aurenmu ne. Ya kwashe aikin ƙaramin yatsan hagu ya ba na kusa da shi.

Na hagu!

Hannun da ya zura a aljihu ke nan. Ni da nake gane yatsa mai ciwo daga maɓalli, sanarwar ta shigo mini a lokacin, ina can ina kukan kofin shayi ban buɗe ba.

Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. "Yatsa uku suka rage, aiki na tafiya." Na gaba, "Na ajiye aiki yau." Wani kuma, "Kin ci waakye kuwa?" Bayanan suna ta gajercewa, har na ƙarshe da babu bayani ko ɗaya. Ya share duk maɓallan, ya bar guda, na babban yatsa, ya ɗaura masa dogon rubutu. Ban iya karanta shi a cikin fayil ba. Na ga bai kamata ba.

Na jawo durowa, na kakkaɓe ƙurar rabin dama. Shi ya taɓa gaya mini cewa idan aka jona rabin nan shi kaɗai, yakan ɗauki kansa na hagu ne. Na loda masa saitin, na ɗora babban yatsana a kan maɓallin da nasa ya goge har ya yi santsi, na danna.

Haruffa suka zubo a allo.

"Lati, ba Baaba ne ya kore ni ba. Likita ya gaya mini tun farko ba zai tsaya a dama ba. Ba na so ki ƙare ƙuruciyarki kina cire mini maɓallai. Kwana tara na yi ina rubuta wannan. Ina son ki. Ki yafe mini."

"Me ya ce?" Safura ta tambaya.

Na sake dannawa, ya sake faɗa. Na sake dannawa.

Wani mutum ya leƙo da waya mai fasasshen gilashi. "Madam, ana aiki?"

Safura ta ja masa ƙofa ta rufe. Ni kuwa ina ta dannawa, yana ta neman gafarata, allo ya cika, kuma babu maɓalli ko ɗaya da ya rage da zan rubuta masa na yafe.