Muryar da Ke Cikin Wayar Kowa

"Ni ban yarda ba, Baba! Wallahi ba shi ba ne!"

Alhaji Na'Allah bai ko ɗago ya dubi Nuriyya ba.

"Mutanen unguwar Gidan Igwai duka sun ji. Jibi in danginsa sunka zo sa rana, sallamarsu zan yi."

Kwana uku ke nan wata murya tana yawo a wayoyin unguwa, kowa na cewa ta Jalaluddeen ce, saurayin Nuriyya. Muryar tana cewa, "Shamsiyya, ke ɗaya nike so. Waccan don sunan ubanta nike nemanta." Shamsiyya kuwa maƙwabciya ce, ta daɗe da ɗora ido a kansa.

Nuriyya ta saurara ya fi sau ashirin. Kowane karo sai zuciyarta ta tsinke, domin har 'yar dariyarsa tana ciki.

Ta ja hijabi, ta tare Keke Napep zuwa Sama Road, gidan Goggo Balaraba, yayar mahaifinta, wadda ta yi shekara talatin tana ɗaukar murya a gidan rediyo kafin ta yi ritaya.

"Kuka kika zo yi ko bincike?" in ji Goggo. "In kuka na, ga tabarma can."

"Bincike, Goggo..."

"To kunna mu ji."

Wayar ta yi magana. Goggo ta yamutsa fuska.

"Wagga 'yar sifika mai kukan sauro? A cikinta ai ni da ladanin unguwa murya ɗaya gare mu. Yanke ƙirjin mutum take, ta bar maki hanci. Kina da saƙonsa na gaskiya?"

Nuriyya ta sunkuyar da kai.

"Akwai... amma ba na jin manya ba ne."

"Ni ma an ce mani hasken ido kafin a haifi ubanki. Kawo!"

Goggo ta ɗauko emfitiri, 'yar na'urar da take jin karatu da ita, aka juye saƙonnin biyu a memori. Ta toshe wa Nuriyya kunnuwa da iyafis.

Na farko ya fara.

"Nurin zuciyata, kin tashi lafiya?"

Muryar ta sauka har cikin ƙirjinta, mai kauri, mai sanyi, kamar yana zaune gefenta. Hawaye suka zubo.

Na biyu ya biyo.

Nuriyya ta daskare.

Lafazin nasa ne, dariyar tasa ce, amma kaurin babu. Mai maganar yana danne maƙogwaro ne, yana jan numfashi tsakanin kalmomi. Can ƙarƙashi kuma wani gurnani yake tashi, wanda ba ta taɓa ji a waya ba.

"Goggo... injin markaɗe ne!"

"Ina ake markaɗe?"

"Zauren su Shamsiyya! Jalal bai taɓa shiga can ba. Amma yayanta Saifullah, shi da ke kwaikwayon muryar mutane a wajen biki..."

Ta miƙe zumbur.

"Zauna!" Goggo ta daka mata tsawa. "Ubanki zai ce tsohuwar na'urata ta lalace. Sa iyafis ɗin ga wayarki."

Ta sa, ta kunna. Idan ba ta ji komai ba fa? Idan son da take masa ne ya cika mata kunne?

Gurnanin ya fito. Bai kai na emfitirin tsabta ba, amma yana nan.

Da la'asar Goggo ta shiga gidan ƙanenta ba tare da ta zauna ba.

"Na'Allah, kira yaron ga."

"Adda, maganar ga ta ƙare."

"Da kunne ɗaya ka ƙare ta, cikin hayaniyar majalisa. Kira shi!"

Jalaluddeen ya zo, ya durƙusa bakin ƙofa. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Bai dubi Nuriyya ba, domin jiya ta kashe masa waya har sau bakwai.

"Maimaita abin da za ka ji," in ji Goggo, ta kunna.

"Hajiya, bakina ba zai iya faɗar wannan ba."

"Faɗi, in kana son ɗiyar ga!"

Ya faɗa, kalma bayan kalma, kamar ana zare masa haƙora. Goggo ta ɗauka a wayar Alhaji da kansa, ta sa wa Alhajin iyafis, ta kunna masa wannan da waccan muryar da ke yawo a jere.

Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku.



"Jalal... ka yafe mani," Nuriyya ta faɗa a hankali.

"Kin yarda da su, Nuri?"

"Na kwana uku ina tsoro. Amma na tafi nema."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta.

Alhaji ya cire iyafis ɗin, ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

"Tashi daga ƙasa, yaro. Ka ce wa iyayenka jibi muna jiransu."

Sannan ya juya ga yayarsa.

"Adda, wagga ba muryarsa ba ta. Saifullah na, yayan Shamsiyya; ga gurnanin injin markaɗensu nan ina ji."